DIMITIRI MENDELEYEF, MALAMIN DA YA JERA SINADARAN DUNIYA

A kusan kowace makaranta da a ke koyar da kimiyya, za a tarar da wata babbar takarda manne jikin bango, an tsattsaga ta gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida da harafi ɗaya ko biyu da lamba. Sunanta jadawalin sinadarai. Yara su kan haddace ta don cin jarrabawa, malamai kuwa su kan nuna ta da sanda, amma kaɗan ne suka san wanda ya tsara ta, balle irin wahalar da aka sha kafin a kai shi makaranta. Saboda haka yau muka ga ya kamata mu ba masu karatu tarihin wannan mutum, watau Dimitiri Mendeleyef na ƙasar Rasha. Malamin makaranta ne, ɗan malamin makaranta, kuma babban aikin nan nasa ya samo asali ne daga damuwar da kowane malami ya sani, ta yadda zai shirya darasi yara su gane.

MENE NE SINADARI?

Kafin mu shiga tarihin, wajibi ne mu bayyana kalmomi biyu, don kada mu bar kowa a baya. A ɗauki gishirin miya. In masani ya narkar da shi da wuta mai tsanani, sa'an nan ya ratsa shi da lantarki, sai ya rabu biyu: wani ƙarfe mai laushi da a ke iya yankawa da wuƙa, sunansa sodiyom, da wata iska mai ɗan kore-kore, mai shaƙe numfashi, sunanta kulorin. Ruwan sha ma haka ya ke, ya kan rabu ya zama iska biyu, haidirojin da oksijin. To, amma shi sodiyom ɗin, ko zinariya, ko farar wuta, duk irin dafawa da gaurayawar da za a yi musu, ba za su rabu su zama wani abu dabam ba. Irin waɗannan su a ke kira sinadarai na asali, kuma duk inda muka ce sinadari cikin wannan labari su mu ke nufi. Waɗansunsu maƙeranmu sun san su tun kaka da kakanni, kamar baƙin ƙarfe, da jan ƙarfe, da azurfa, da zinariya, da darma, da kuza.

Kalma ta biyu ita ce zarra. In aka yi ta gutsura sinadari, mafi ƙanƙantar gutsuren da zai rage yana riƙe da halin sinadarin, shi ne ƙwayar zarra, wadda Turawa ke kira atom. Ƙanƙantarta ta kai a jera miliyoyinta cikin tsawon milimita ɗaya. Cikin 1808 wani malamin makaranta na Ingila, John Dalton, ya buga littafi inda ya nuna cewa kowane sinadari yana da irin zarrarsa, kowace iri kuwa da nauyinta. Ba a iya ɗora zarra ɗaya bisa sikeli, sai dai a gwada ta da wata. Aka ɗauki haidirojin, mafi sauƙin nauyi, aka ba shi 1, sai kabon, watau asalin gawayi, ya tashi 12, oksijin kuwa 16. Wannan shi ne nauyin zarra, kuma da shi Mendeleyef ya yi aikinsa duka.

HAIHUWARSA DA ƘOƘARIN UWARSA

An haifi Mendeleyef ran 8 ga watan Fabrairu, 1834, a yankin Tobolsk cikin Saiberiya, ƙasa mai tsananin sanyi can gabas da manyan biranen Rasha. Shi ne auta cikin 'ya'ya fiye da goma. Ubansa, Ivan, shi ne shugaban makarantar sakandare ta Tobolsk, amma cikin shekarar da aka haifi yaron sai yanar ido ta rufe masa gani, ya bar aiki, gida ya koma dogara ga ɗan fansho wanda bai isa ba. Nan fa uwar, Mariya, ta ɗaura ɗamara. Danginta suna da wata tsohuwar ma'aikatar gilashi a wani ƙauye kusa da garin, sai ta karɓi riƙonta, ta tashe ta, ta riƙa ciyar da gidan da abin da ta ke samu.

Masifu suka zo a jere. Uban ya mutu cikin 1847, shekara ta kewayo wuta ta cinye ma'aikatar gilashin ƙurmus. Da wata ce, da sai ta nema wa yaron aikin akawu a garin, a samu na tuwo. Ita kuwa ta riga ta ga alamar basira gare shi, ta ƙudura a ranta sai ya yi karatu mai zurfi. Da ya gama sakandare cikin 1849, ta tattara ɗan abin da ya rage, ta ɗauke shi da yayarsa guda, suka kama hanyar Mosko, tafiyar fiye da mil 1,000, ga shi lokacin babu jirgin ƙasa a wannan hanya. Jami'ar Mosko ta ƙi karɓarsa, domin bisa ƙa'ida ɗaliban Tobolsk na yankin wata jami'a ne dabam. Ba ta juya gida ba, ta wuce da shi birnin San Fitasbag, inda cikin 1850 ya samu shiga babbar kwalejin horon malamai, wadda ubansa ya yi karatu a cikinta. Bayan 'yan watanni kaɗan ta mutu, ba ta ga ko ɗaya daga cikin abin da ta shuka ba. Shi kuwa bai manta da ita ba: shekara 37 bayan mutuwarta, cikin 1887, ya buga wani babban littafi ya sadaukar da shi gare ta.

KARATU, CIWO DA TAFIYA JAMUS

A kwaleji ciwo ya kama shi har yana tarin jini, likitoci suka ɗauka tarin fuka ne, ba su sa masa ran daɗewa ba. Duk da haka ya gama cikin 1855, har aka ba shi lambar zinariya. Aka tura shi koyarwa kudancin ƙasar, inda iska ta fi ɗumi, ya sauka Simferopol cikin Kirimiya ana tsakiyar yaƙi, ya tarar da makaranta a rufe, daga nan ya koma Odesa. A can kudu ne mashahurin likitan fiɗa na Rasha, Pirogov, ya duba shi ya tabbatar masa ciwonsa ba mai kisa ba ne. Ya komo San Fitasbag cikin 1856, ya ƙara digiri, ya fara koyarwa a jami'a.

Cikin 1859 gwamnati ta aika shi ƙaro ilmi birnin Haidalbag na Jamus. Daidai lokacin nan ne malamai biyu na birnin, Bunsen da Kirchhoff, ke ƙera wata na'ura mai rarrabe haske, wadda ke nuna cewa kowane sinadari in an ƙona shi yana fid da irin launinsa na haske, kamar yadda kowane mutum ke da irin zanen yatsansa. Da wannan na'ura aka riƙa gano sababbin sinadarai bi da bi.

Amma abin da ya fi amfanarsa cikin wannan tafiya shi ne taron masana kimanin 140 da aka yi a garin Karlsruhe cikin watan Satumba, 1860. A zamanin nan lissafin nauyin zarra ya rikice ƙwarai, wani ya ce oksijin 8 ne, wani ya ce 16, kowa da abin da ya ke rubutawa, kamar kasuwar da kowane ɗan awo ke da mudunsa. A taron nan wani masani ɗan Italiya, Cannizzaro, ya bayyana hanya guda tabbatacciya ta fid da nauyin. Mendeleyef, yana da shekara 26, yana zaune yana saurare, ya kuma karɓi bayanin hannu biyu. In ba don wannan gyara ba, da jerin da zai yi daga baya bai tashi daidai ba.

Ya komo gida cikin 1861 da bashi a wuyansa, ya zauna cikin 'yan watanni ya rubuta littafin koyarwa, littafin ya ci kyautar Demidov, wadda ita ce babbar kyautar ilmi ta Rasha a lokacin. Cikin 1867 aka naɗa shi shehun malami na ilmin sinadarai a Jami'ar San Fitasbag.

YADDA AKA SAMU JADAWALIN

Da ya kama wannan aiki, ya duba bai ga littafin kirki da harshen Rashanci da zai ba ɗalibansa ba, sai ya ce bari ya rubuta da kansa. A lokacin sinadarai 63 aka sani. Ya gama juzu'i na farko, ya duba ya ga guda 8 kaɗai ya yi bayani, sauran 55 suna jira, kuma dole su shiga juzu'i na biyu. In zai bi su ɗaya-ɗaya, littafin ba zai ƙare ba, ɗalibai kuwa sai dai su yi hadda ba fahimta. Lalle ne a samo wata ƙa'ida da za ta tara su gida-gida.

An riga an san cewa waɗansu sinadarai 'yan gida ɗaya ne. Litiyom da sodiyom da fotasiyom duka ƙarafa ne masu laushi, masu tafasa in sun taɓa ruwa. Fulorin da kulorin da buromin da aidin, wanda a ke shafa wa miki a asibiti, su ma halinsu ɗaya ne. Abin da ba a sani ba shi ne dangantakar gida da gida. Ran 1 ga watan Maris, 1869, Mendeleyef yana shirin tafiya ƙauye duba wuraren yin cuku, sai ya fara rubuta nauyin sinadaran wannan gida ƙarƙashin na wancan, a bayan wata wasiƙa da aka aiko masa game da tafiyar. Ya ɗaga tafiyar, ya wuni yana jerawa yana sokewa, kafin dare ya fid da jadawali na farko.

Ga abin da ya gani. A jera sinadarai daga mai sauƙi zuwa mai nauyi: litiyom 7, beriliyom 9, boron 11, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, fulorin 19. Guda bakwai ke nan, kowane da halinsa dabam. Na takwas shi ne sodiyom 23, sai ga shi da halin litiyom sak. A ci gaba: maganiziyom 24, alminiyom 27, silikon 28, fosforas 31, farar wuta 32, kulorin 35.5. Kowane ɗaya ya yi kama da wanda ya riga shi da gida bakwai, kulorin ya faɗo daidai kan fulorin. Mai bi masa kuwa fotasiyom ne, 39, ɗan gidan litiyom da sodiyom. Misalinsa kamar kalanda ne: in an rubuta kwanakin wata bakwai-bakwai, sai duk ranakun Laraba su faɗo layi ɗaya, mai neman ranar kasuwa ba sai ya ƙirga ba. Watau halin sinadarai yana kewayowa ne bisa ƙa'ida yayin da nauyi ke ƙaruwa.

Akwai labarin da a ke yawan bayarwa, wai cikin mafarki ya ga jadawalin. Takardun da ya bari, cike da soke-soke da gyare-gyare, suna nuna aikin mutum ne wanda ya shekara goma sha yana juya al'amarin a ransa. Ya sa aka buga takardar da Rashanci da Faransanci ya rarraba wa masana, abokinsa Menshutkin kuma ya karanta bayaninta gaban Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Rasha cikin wannan wata, shi kuwa yana can wajen masu cuku.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai ya hango wannan ƙa'ida ba. John Newlands na Ingila ya faɗi kusan haka cikin 1865, aka yi masa dariya. Lothar Meyer na Jamus ya tsara jadawali mai kyau ƙwarai, wanda ya buga cikin 1870. Abin da ya fifita Mendeleyef shi ne ya amince da ƙa'idar har ya jingina sunansa da mutuncinsa a kanta, inda sauran suka yi taka-tsantsan.

GURABEN DA YA BARI

Amincewar nan ta bayyana ta hanya uku. Ta farko, inda nauyin wani sinadari ya ƙi dacewa da gidansa, sai ya ce masu awo ne suka yi kuskure. Uraniyom, alal misali, an ɗauka nauyinsa 120 ne, ya ce a ninka ya zama 240, ga shi kuwa awon zamani ya ba da 238. Wannan shi ne ƙarfen da aka fara haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar cikin 1971. Ta biyu, teluriyom ya ɗan fi aidin nauyi, don haka bisa jeri aidin ya kamata ya riga shi, amma halin aidin na gidan kulorin ne, sai ya musanya musu wuri, ya fifita hali bisa nauyi.

Ta uku ita ce mafi girma. Inda ya zo wani gida bai sami sinadarin da ya dace da shi ba, bai cusa na gaba don layi ya cika ba, sai ya bar gurbin fayau, ya ce akwai mai shi, ba a dai gano shi ba tukuna. Cikin 1871 ya ɗauki uku daga cikin guraben nan, na ƙarƙashin boron da alminiyom da silikon, ya rubuta dalla-dalla nauyin da kowanne zai yi, da kamanninsa, da abin da zai zama in ya haɗu da oksijin. Ya fid da lissafin ne daga maƙwabtan gurbin, na sama da na ƙasa, na dama da na hagu. Masana da yawa suka ɗauki abin wuce gona da iri, gama ba a saba jin mai ilmin sinadarai yana siffanta abin da ido bai taɓa gani ba. Da lissafin ya tashi banza, da jadawalin da mai shi sun zama abin ba'a.

Shekara huɗu bayan haka, cikin 1875, wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano sabon ƙarfe cikin wani dutsen tutiya, ta hanyar na'urar nan mai rarrabe haske, ya sa masa suna galiyom. Ya auna ya ce nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendeleyef, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya rubuta ya ce wannan shi ne mai gurbin ƙarƙashin alminiyom, kuma a sake awo, kamata ya yi ya zama wajen 5.9. Bafaranshen ya ƙara tace ƙarfensa, ya sake aunawa, sai ga 5.9. Nauyin zarrarsa Mendeleyef ya ce kimanin 68, aka sami kusan 70. Ya kuma ce zai yi saurin narkewa, galiyom kuwa ya kan narke a tafin hannu, ko zafin ɗaki na bazara ya ishe shi.

Cikin 1879 Nilson na ƙasar Suwidin ya gano sikandiyom, mai gurbin ƙarƙashin boron. An yi masa lissafin 44, nauyinsa na ainihi 45. Cikin 1886 Winkler na Jamus ya gano jamaniyom cikin wani dutsen azurfa. Mendeleyef ya ce nauyin zarrarsa 72, aka sami 72.6, ya ce zai ninka ruwa sau 5.5, aka sami 5.35. Daga nan bakin masu musu ya mutu. Tun cikin 1882 ma babbar ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar girma ta Davy, shi da Lothar Meyer tare.

AYYUKANSA GA ƘASARSA

Mendeleyef bai yarda ilmi ya tsaya cikin aji ba. Tun 1863 ya fara zuwa Baku duba rijiyoyin man fetur, ya ba da shawara a riƙa tura mai ta bututu maimakon ɗaukarsa cikin ganguna bisa amalanke. Cikin 1876 ya je Amurka ganin yadda su ke aikin mai a Fensilbaniya. Ya sayi gona a Boblovo inda ya yi ta gwajin takin zamani. Ya taimaki gwamnati tsara kuɗin kwastan na 1891, ya kuma haɗa wa rundunar jiragen ruwa albarushi marar hayaƙi. Cikin 1887, yana da shekara 53, ya hau babban balan-balan shi kaɗai daga garin Klin don ya duba husufin rana daga saman gajimare, alhali bai taɓa tuƙa irinsa ba, ya kuwa sauka lafiya.

Mutum ne mai saurin fushi, mai faɗin abin da ke ransa, wannan kuwa ya jawo masa maƙiya. Cikin 1880 Majalisar Masana ta Rasha ta ƙi zaɓensa cikakken wakili, ko da ya ke ƙasashen waje suna ta girmama shi. Rabuwarsa da matarsa ta fari da sake aurensa cikin 1882 sun jawo surutu, domin bai jira wa'adin da cocinsu ya ƙayyade ba. Cikin 1890 ɗaliban jami'a suka rubuta takardar koke, ya yarda ya kai wa Ministan Ilmi da hannunsa don a kwantar da tarzoma. Minista ya mayar masa da ita tare da tsawatarwa. Shi kuwa ya ga ba zai iya tsayawa gaban ɗaliban da ya yi wa alkawari ba, ya ajiye aikin jami'ar da ya yi wa hidima fiye da shekara 30. Cikin 1893 aka ba shi shugabancin ofishin ma'aunai na ƙasa, ya gyara awon nauyi da na tsawo na Rasha, ya share hanyar shigowar mita da kilo. A nan ya zauna har ƙarshen ransa. In ya gaji da karatu, abin da ya kan huta da shi shi ne haɗa akwatunan tafiya da hannunsa.

INDA YA YI KUSKURE

Ba duk abin da ya faɗa ya tabbata ba. Cikin 1894 Rayleigh da Ramsay na Ingila suka gano agon, wata iska da ba ta haɗuwa da kome, babu kuwa gurbinta a jadawalin. Da fari Mendeleyef ya ƙi yarda sinadari ne. Sai da aka gano 'yan'uwansa, hiliyom da niyon da kirifton da zenon, aka ga ashe gida ne sukutum da ba a sani ba, aka ƙara musu layi, jadawalin ya ƙara ƙarfi maimakon ya rushe. Ya kuma yi lissafin waɗansu sinadarai da suka fi haidirojin sauƙi, waɗanda babu su sam. Mafi girman kuskurensa shi ne ya tsaya kan cewa zarra dunƙulalliya ce, ba ta da sassa, kuma sinadari ba ya rikiɗa ya zama wani. Ko da ya ziyarci Pierre da Marie Curie a Faris cikin 1902, ya ga radiyom da idonsa, bai saki wannan ra'ayi ba.

Cikin 1906 kwamitin kyautar Nobel ya ba da sunansa, amma aka juya aka ba Moissan na Faransa. Ran 2 ga watan Fabrairu, 1907, ya mutu a San Fitasbag, saura kwana shida ya cika shekara 73. Aka binne shi a maƙabartar Volkovo kusa da uwarsa, ɗalibai suna tafe cikin masu rakiya ɗauke da babban jadawalinsa.

ASIRIN DA KE CIKIN ZARRA

Mendeleyef ya gano cewa hali yana kewayowa, amma ya mutu bai san dalili ba, dalilin kuwa yana cikin sassan zarra ɗin nan da ya ƙi yarda da su. Lantarki iri biyu ne, masana suna yi wa ɗaya alamar tarawa, ɗaya alamar ɗebewa, iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. Cikin 1897 J. J. Thomson na Kambirij ya gano elektiron, ƙwaya mai lantarkin ɗebewa, wadda zarrar haidirojin ta fi ta nauyi kusan sau 1,800. Cikin 1911 Rutherford, a Mancesta, ya bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi na harba ƙananan ƙwayoyi kan siririn fallen zinariya. Galibinsu sun wuce kamar babu kome, kaɗan ƙwarai suka komo baya. Ya gane ke nan cewa kusan dukan nauyin zarra yana dunƙule cikin wata 'yar cibiya a tsakiya, saura kuwa fili ne inda elektiron ke kewayawa. Da zarra za ta kai faɗin filin ƙwallo, da cibiyarta ba ta fi ƙwayar dawa ba.

Cikin cibiyar akwai furoton, mai lantarkin tarawa, da nutiron, wanda ba shi da lantarki, shi kuwa Chadwick ya gano shi cikin 1932. Cikin 1913 wani saurayi, Henry Moseley, ya nuna cewa abin da ke ba sinadari gurbinsa shi ne yawan lantarkin cibiyarsa, watau adadin furoton. Haidirojin yana da 1, kabon 6, oksijin 8, baƙin ƙarfe 26, zinariya 79, uraniyom 92. Kuzar Jos lambarta 50, niyobiyom kuwa, wanda a ke samu cikin kwalambait na tsaunukan nan, 41. Lambar nan ita ce yara ke gani a kowane gida na jadawalin. A nan ne aka warware rikicin teluriyom da aidin: teluriyom 52, aidin 53, ya ɗan fi aidin nauyi ne kawai don yawan nutiron. Wurin da Mendeleyef ya ba su daidai ne, ko da ya ke shi ya ɗauka kuskuren awo ne. Moseley bai daɗe ba, an kashe shi a yaƙin Galifoli cikin 1915 yana da shekara 27.

Kewayowar hali kuwa Niels Bohr na Denmak ne ya buɗe hanyar fahimtarta, daga 1913. Elektiron suna zaune ne hawa-hawa kewaye da cibiya, hawa na fari yana ɗaukar 2, na biyu 8, kuma na hawan waje su ne ke hulɗa da sauran zarra. Litiyom yana da 2 da 1, sodiyom 2 da 8 da 1, fotasiyom 2 da 8 da 8 da 1. Kowannensu yana da guda ɗaya tak a waje, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. Kulorin yana da 2 da 8 da 7, saura ɗaya ya cika. Sodiyom ya ba da ɗayan nan nasa, kulorin ya karɓa, suka riƙe juna, shi ne gishirin da muka fara da shi. Agon kuwa hawansa na waje a cike ya ke, ba ya bayarwa, ba ya nema.

Cikin 1955 masanan Amurka a Berkeley suka ƙera sinadari na 101, suka sa masa suna mendelebiyom, ko da ya ke lokacin ƙasarsu da Rasha ba sa ga maciji da juna. Cikin 2016 aka raɗa sunayen da suka cika layi na bakwai, adadin sinadarai ya kai 118, kimanin 90 daga cikinsu a ke samu cikin ƙasa da ruwa da iska, saura ƙera su a ke yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2019 don tunawa da cikar jadawalin shekara 150.

Muna fata malamai za su karanta wa ɗalibansu wannan tarihi, musamman labarin matar nan da ta yi tafiyar mil 1,000 don ɗanta ya shiga makaranta, domin akwai iyaye da yawa da ke cire yaro daga aji saboda abin da bai kai nata wahala ba. Masu riƙe da littattafan ofis kuma akwai abin lura gare su cikin guraben nan uku. Mai cika rajista ya kan ji kunyar barin layi babu kome, har ya kai ga rubuta abin da bai tabbatar ba don shafi ya yi kyau. Da Mendeleyef ya yi haka, da duk abin da ya biyo bayan gurbin ya goce daga gidansa, da kuwa ba mu san sunansa ba yau.